Yadda za ka fito a matsayin mai sanarwar gasar Dragon Ball, ka kuma riƙe taron da kyau

Duk sanda masoya anime, wato katun ɗin Japan, suka shirya haɗuwa a Kaduna aka ce kowa ya zo da shigar gwaninsa, Goku da Vegeta ne ke cika wuri, sai ɗaiɗaikun Piccolo da suka sha wahalar shafa kore a fuska. Da wuya ka ga wanda ya ce shi mai sanarwar gasa zai zama, wato mutumin nan mai gashi ruwan ɗorawa da baƙin tabarau da kwat, wanda ke tsayuwa a gefen dandamali da makirufo a hannu. Ko suna Akira Toriyama, wanda ya ƙirƙiri Dragon Ball, bai raɗa masa ba. Tun 1984 da aka fara buga Dragon Ball a mujallar Weekly Shonen Jump har 1995 da aka rufe a babi na 519, mai sanarwa kawai ake ce masa. Ni kuwa a wurina babu shigar da ta dace da mu kamar tasa. Kuɗinta kaɗan ne, ba ta neman ƙirji ko damtse, kuma mai ita yana da aikin yi tun daga buɗe taro har a tashi. Ni ke riƙe makirufo a 'yar gasar gem da muke haɗawa a shagon yayana a Tudun Wada, abin da zan faɗa a nan can na koye shi.

Ka san mutumin kafin ka taka kasuwa

Kada ka fara da sayen kaya. Fara da komawa wuraren da ya fito, ka bar kallon masu faɗan, ka sa masa ido shi kaɗai. A littattafan manga 42 na Dragon Ball, wato labarin a zane, gasar faɗa ta Tenkaichi Budokai ta 21 tana daga littafi na 3 zuwa na 5, ta 22 daga na 10 zuwa na 12, ta 23 daga na 14 zuwa na 17, ta 25 daga na 36 zuwa na 38, sai ta 28 a littafin ƙarshe. Idan anime ne ya fi maka sauƙi, gasa ukun farko duk suna cikin Dragon Ball na asali da kamfanin Toei ya yi daga 1986 zuwa 1989, sauran biyun kuma suna ƙarshen Dragon Ball Z.

A gasa ta 21 matashi ne, fuska tas. A wurin jefa ƙuri'a ya dubi takarda ya kira "Mago Gosora", ya sake kira, shiru, ashe sunan Son Goku ne ya karanta ta wata fuskar. Wannan abin dariya ne, amma wurin da nake so ka tsaya ka nazarta shi ne wasan Goku da Giran. Giran ya cilla Goku waje, Goku ya kira gajimarensa ya ɗauko shi ya dawo da shi kan dandamali ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Babu dokar da ta yi maganar gajimare. Mai sanarwa bai yanke hukunci da ra'ayinsa ba, sai da ya tuntuɓi shugaban wurin, sannan ya dawo ya shaida wa jama'a cewa an yafe wannan karon, in aka sake kuwa ya faɗi. A wasan ƙarshe, da Goku da Jackie Chun suka zube tare, shi ya sanar da cewa wanda ya riga miƙewa ya faɗi da bakinsa cewa shi ya ci, shi ne zakara. Goku ya miƙe, maganar ba ta ƙarasa fita ba ya sake kifewa. Jackie Chun, wanda Master Roshi malamin Goku ne ya ɓad da kama, ya tafi da zeni 500,000, kuɗin cikin labarin.

A ta 22, Tien ya rushe dandamalin gaba ɗaya, shi da Goku suka yo ƙasa daga sama, Goku ya bugi mota ya riga taɓa ƙasa. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma aka ba Tien, domin shi doka ta ba. Bayan an watse, mai sanarwar nan shi ne shaidar da ya ga dodon da ya kashe Krillin abokin Goku, ya kuma faɗa wa su Goku cewa ya tafi da ƙwallon mai taurari huɗu da kundin sunayen 'yan gasa.

Ta 23 ita ce ta sa na ƙaunace shi. Da 'yan kallo suka gane cewa Ma Junior, abokin karawar Goku a wasan ƙarshe, jinin mugun nan Piccolo Daimao ne, kowa ya ari ta kare, filin ya zama wayam. Shi bai gudu ba. Mutum ne kamar ni da kai, ba ya tashi sama, ba ya harba komai da tafin hannu, amma ya tsaya har aka share dandamalin daga doron ƙasa, ya faɗa rami tare da su Krillin don ya tsira, ya fito ya ci gaba da aikinsa, shi ya kuma bayyana Goku a matsayin zakara. Shekaru suka ja, a gasa ta 25 duniya duk ta yarda cewa Mister Satan ne ya kashe Cell, dodon da ya nemi hallaka duniya. Shi kuwa yana ganin su Goku ya gane su, ya ce musu ya san su ne suka yi aikin, ya kuma roƙi kada a sake rushe masa dandamali. A cikin taron dubban mutane da aka yaudara, shi ya riƙe abin da idonsa ya gani. Wannan halin shi za ka saka, kwat ɗin daga baya ne.

Kada ka haɗa shi da ɗan jaridar talabijin da ya ɗauko rahoton wasannin Cell, wancan wani mutum ne daban, kuma shi ya gaskata ƙaryar Mister Satan.

Kwat, tabarau da gashi

Sai ka zaɓi wanne za ka yi, matashin farko ko dattijon da ya tsayar da gashin baki daga baya. Na biyun ya fi saurin ganuwa daga nesa, shi nake ba mutane shawara.

Kwat kuwa Kasuwar Barci ce maganinta. Je layin 'yan gwanjo da hantsi, lokacin da haske zai nuna maka tabo da ƙoƙewar launi. Nemi baƙa ko mai duhu sosai, mara zane. Littafin baƙi da fari ne, saboda haka kada ka takura kanka a kan launi: kwat mai duhu, riga mai haske a ciki, nektayi ja, shi ke nan. Abin da za ka fi dubawa kafaɗa ce. Tela zai rage maka ƙugu, zai rage tsawon hannu, amma kafaɗar da ta yi maka yawa ko ta matse ka sai dai haƙuri. Ka kuma taɓa yadin ka ji kaurinsa. Yawancin kwat ɗin gwanjo don ƙasashen sanyi aka ɗinka su, in taronku ya faɗo a Maris ko Afrilu, a cikin shago mai talabijin uku da samari ashirin, mai kauri za ta jiƙa ka sharkaf kafin zagaye na biyu. Ɗauki mara nauyi, ka ce wa tela ya farke shafin baya ya bar na gaba.

Tawa wani dattijon tela na kai wa a nan cikin kasuwar. Na ce, "Baba, so nake a rage min ta zauna a jiki." Ya sa na saka, ya ja da baya ya kalle ni, ya ce, "Ɗaurin aure za ka da ita ko ofis?" Na ce magana zan yi a gaban jama'a, da nuni da hannu. Ya ce, "To ɗaga hannu ka nuna min rufin nan." Ina ɗagawa duk kwat ɗin ta biyo ni sama, wuyanta ya hau kunnena. Ya ciro alli daga bayan kunne ya ja layi a ƙarƙashin hammata, ya ce, "Nan za mu sake maka, yaro. In na matse nan, ranar farko za ta ɓarke." Don haka duk kwat ɗin da za ka gwada, ɗaga hannu sama ka sauke da ƙarfi sau da yawa, domin haka za ka yini kana yi wajen ƙirga. Wando baƙi, takalmi sau-ciki da ya sha mai a wurin shushaina, a goge komai da daddare a rataye.

Tabarau shi ne fuskar mutumin, kusan ba a ganinsa babu shi, kai ma in ka saka ba cirewa har a tashi. A nan mutane ke kuskure, su sayi mai duhu ƙirin ko mai madubi saboda ya yi kyau a rana. Cikin shago ba rana. Kafin ka biya, shiga inuwar rumfa ka buɗe wayarka ka ga ko za ka iya karanta ƙananan rubutu. In ba ka iya ba, ba za ka ga layin jinin 'yan wasa a talabijin ba, sharhinka ya zama zato. Nemi mai faɗi wanda ya rufe gira, mai duhu tsaka-tsaki.

Gashi, hular gashi gajera ruwan ɗorawa, ana samu wurin masu kayan kwalliya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Saka ta a kanka ka je wurin mai aski ya rage ta a kan naka kan, a taje ta baya. Guntun da ya zubo kada a share, da shi za a yi gashin baki: a jera shi a kan ɗan siririn yadi, a manne, a datse, ranar taro a lika da gam ɗin da masu kwalliya ke sa gashin ido da shi. Gam ɗin gyaran takalmi ko na roba kada ya kusanci fatarka. Rina gashin kanka kuma ban ba ka shawara ba, taro yini ɗaya ne, gida da makaranta da masallacin unguwa kuwa kullum ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hular gashi ba ya bar ta, kwat da tabarau da makirufo sun isa a gane shi. 'Yan mata ma suna yin shigar nan ta yi kyau: kwat mai yalwa, ɗankwali ko hijabi ruwan ɗorawa, tabarau, ba sai an taɓa komai na sutura ba.

Tunda ana maganar ƙananan 'yan wasa, akwai masu sha'awar manomin nan da Raditz, yayan Goku, ya fara cin karo da shi da ya sauko duniya, wanda na'ura ta auna ƙarfinsa 5. Shi da bindiga aka san shi. Ina roƙonku, ko ta katako ce ko ta roba, kada wanda ya rataya abu mai kama da bindiga ya hau titin Kaduna.

Makirufo da akwatin ƙuri'a

In hoto kawai za ka ɗauka, guntun bututun roba da soso a kai, a fesa baƙin fenti, ya wadatar. In taro za ka riƙe, nemi na gaske mai waya da 'yar sifika mai caji, irin ta masu tallar magani. Na fi son mai waya, ba ya yankewa kuma batir ba ya mutu maka ana tsakiyar wasan ƙarshe. Gwada shi a wurin kafin mutane su zo, ka tsaya a bayan sifikar ko gefenta, in ka tsaya a gabanta ƙara za ta yi ta tsaga kunne.

Sai akwati. A gasar, 'yan wasa takwas da suka tsallake share fage kowa hannu yake zurawa a akwati ya ciro lamba, a rubuta a allo. Kwalin taliya da aka huda samansa zai yi, in kuma kuna so ya daɗe, kafintocin Panteka za su buga muku na falanki tare da allon da za a zana jadawali. Rubuta lambobi a takardu masu girma ɗaya, a naɗe su iri ɗaya. Masu kallo za su tuna yadda Chiaotzu ya riƙa juya ƙuri'a da ƙarfin tsafinsa a gasa ta 22 da ta 23. Namu samarin ba su da wannan, amma suna da ido da wayo, don haka akwatin kada ya bar hannunka, kuma a ciro a gaban kowa.

Murya

Nan aikin yake, nan kuma ya kamata ka kashe yawancin lokacinka. Mutumin nan murya uku yake da ita, in ka saurara da kyau. Akwai ta sanarwa, mai faɗi, a hankali, kowace kalma a fili, da ita ake kiran suna da buɗe wasa. Akwai ta sharhi, mai sauri, gajerun jimloli, tana hawa tana sauka da abin da ke faruwa. Akwai ta hukunci, wadda ba ta rawa, ba ta da zumuɗi ko kaɗan. Wanda ya cakuɗa su ya yi ta ihu daga farko har ƙarshe, kafin a je rabi muryarsa ta dushe, mutane kuma sun daina jin sa.

Da Hausa za ka yi. Kada ka haddace maganganun fassarar Ingilishi kana kwaikwayon lafazin Amurka, dariya za a yi sau ɗaya a gaji. In kana son ka ji yadda ake kiran mutum fage da harshenmu, je gidan dambe da yamma ka zauna kusa da mai makirufo. Saurari yadda yake jan suna, yadda yake ambaton ɓangare, Kudu ko Arewa, Jamus ko Guramada, ya ɗan dakata kalangu ya cike gurbin, sannan ya kira abokin karawa. Wannan numfashin za ka ɗauko, da wannan dakatawar. Abin da za ka bari a can shi ne zugar da maroƙa ke yi wa wanda suke bi. Namu mutumin ba ya da ɗan gida. Yadda ka ɗaga sunan na dama haka za ka ɗaga na hagu, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya a gefe guda.

Wajen sharhi faɗi abin da ido ya gani, ka taƙaita. "Ya ɓace! Ina ya shiga? Ga shi a bayansa!" "Ya tara, ya tara, ya saki!" "Jama'a, saura ƙiris!" Kada ka koya wa mai wasa abin da zai yi, kada ka ce "kare kanka" ko "yanzu ne lokacinka", wannan shiga wasa ne. Kuma ka yarda ka yi mamaki. Abin da ke sa a so mutumin nan shi ne duk shekarun da ya yi yana ganin abin al'ajabi, bai taɓa nuna ya saba ba, baki yake saki kamar yau ya fara. In yaro ɗan aji uku ya yi abin da ba ka zata ba, bari a ji a muryarka. In kuma wasa ya kai inda kowa ya riƙe numfashi, sauke makirufo ka yi shiru, ƙarar fad, abin da ake dannawa a buga gem, kaɗai ta isa.

Yi atisaye a ɗaki. Kunna wasa ɗaya na anime, kashe sautin, ka yi masa sharhi kana naɗa a waya, sannan ka saurara. Wasan Krillin da Chiaotzu yana da daɗin koyo saboda yana da dariya da juyi, na Tien da Tao kuma zai koya maka canza murya nan take, domin a nan ne aka zaro wuƙa aka karya doka. Riƙe makirufo kamar faɗin yatsu uku daga baki, in za ka ɗaga murya ka ja shi baya. Numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. In lokacin hunturu ne ƙura za ta kama ka da wuri, ajiye ruwan ɗumi da zuma da 'yar citta a gefe, ruwan sanyi sai bayan an tashi.

Ƙirga goma ita ce alamarsa, kuma ita ce wurin da ake gane adalci. Tsaya gaban agogon bango ka koya: ɗaya, biyu, uku, kowace lamba da saukar hannu, tazara ɗaya daga farko har goma. Jaraba tana zuwa a bakwai da takwas, inda za ka ji kana so ka ja wa wanda kake so ko ka gaggauta wa wanda ya ba ka haushi. Masu kallo suna ji, ko ba su faɗa ba. Za ka yi amfani da ita in masu shiga sun shirya ɗan wasan kwaikwayo na faɗa, kuma a gasar gem tana da amfani na gaske: an kira suna, mutum yana waje yana waya, ka ƙirga goma a makirufo, in bai riƙe fad ba ya faɗi. Sau ɗaya za ka zartar da wannan, sauran yinin kowa zai zauna kusa.

Doka, da abin da doka ba ta faɗa ba

Dokokin gasar asali kaɗan ne: wanda ya faɗa wajen dandamali, ko aka ƙirga masa goma, ko ya ce ya sallama, ya faɗi, ba makami, ba kisa. Naku ma su zama kaɗan, a rubuta a allo, ka karanta su da muryar hukunci kafin a ciro ƙuri'a. Wane gem za a buga, Budokai Tenkaichi 3 na 2007 da har yanzu ake samu a shagunan PS2, wanda yake da filin gasar da ake faɗawa waje, ko FighterZ na 2018 da ake uku da uku, ko Sparking Zero na 2024 in akwai mai na'urar. Waɗanne 'yan wasa aka hana ɗauka. Me za a yi wa wanda ya tsayar da wasa da gangan. Sannan babbar tambaya a garin nan: in aka ɗauke wuta ana tsaka da wasa fa? Mu dai dokarmu a sake daga farko, ko saura naushi ɗaya ne. Tana da ciwo, amma tunda an faɗe ta tun safe ba a gardama a kanta.

Ranar da abin da ba a rubuta ba ya faru, tuna wasan Giran. Wani yaro ya taɓa ajiye fad a cinya ana cikin wasa, idonsa ya ciko, ya ce, "Yaya, wallahi maɓallin karewa ne ya ƙi." Abokin karawarsa ya ce ƙarya ne, don ya ga zai faɗi ne. Benci ya rabu biyu. Na ce a tsaya, na karɓi fad ɗin na miƙa wa mai shago, na ce, "Yaya, duba mana." Ya danna a gaban kowa, maɓallin ya nutse bai taso ba. Muka yi magana ƙasa-ƙasa, na dawo na ɗaga makirufo: an tabbatar fad ya lalace, za a canza a sake wannan zagayen, daga yanzu kuma kowa ya gwada nasa kafin a fara, wanda bai gwada ba ya ɗauki abin da ya same shi. Haka ake yi. Ka tsayar, ka tuntuɓi babba, ka faɗi hukunci da dalilinsa da abin da za a yi gaba, ka wuce. Kada ka tsaya ja-in-ja da makirufo a baki.

Sunaye kuma a kula. Kaduna ce, a benci ɗaya za ka samu Bahaushe da Bagwari da ɗan Bajju da Bayerabe da Ibo. Kafin a fara, bi kowa ka tambaye shi yadda ake faɗin sunansa ko laƙabin da yake so, ka rubuta da babban alƙalami yadda za ka gani ta cikin tabarau. Wasan "Mago Gosora" yana da daɗi, amma yi shi sau ɗaya, da wanda ya yi shigar Goku kuma kuka shirya tare. Sunan mutum na gaskiya ba abin wasa ba ne a sifika. In akwai waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, maimaita doka da hukunci da Ingilishi, sharhi kuwa kowa na gane shi daga murya.

Akwai suna ɗaya da nake canzawa da gangan. In wani ya ɗauki Mister Satan, Hercule nake kiransa, sunan da aka ba shi a fassarar talabijin ta Amurka. Mu mun san ɗan wasan barkwanci ne mai cika baki, amma dattijon da ke wucewa a layi ya ji ana ta kiran wancan sunan ana tafi, ba zai tsaya neman bayani ba, kuma mai shago ne zai kwana da maganar. Haka nan da an fara kiran salla ka kashe sifika, ka sanar da hutu, a dawo bayan an idar. In za a sa ranar taro, a duba Juma'a da safiyar Lahadi don kowa ya samu zuwa. Caca kuwa ka faɗa tun farko cewa babu ita, in ka ga kuɗi na zagayawa a bayan benci tsayar da wasa har a mayar da su aljihu.

In ƙananan yara sun yi yawa, ware musu rukuninsu kamar yadda aka yi a gasa ta 25 inda Trunks ya ci Goten, ka kuma ba su murya irin wadda za ka ba manya, ba ragi.

Wasan ƙarshe ka tanadar masa sauran muryarka. Kira su biyun su tsaya, faɗi waɗanda kowannensu ya bi ta kansu kafin ya iso nan, a gaisa, sannan a fara. Da an gama, ambaci wanda ya zo na biyu tukuna a tafa masa, sai ka ɗaga hannun zakara ka faɗi sunansa cikakke. Takardar rajista kuma, wadda ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar 'ya'yan mutane, ninke ta ka sa a aljihun cikin kwat ka miƙa wa mai shago hannu da hannu, kada a bar ta a kan benci ko a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp. Gashin bakin a jiƙa shi da ɗan man zaitun kafin a ɓare, kwat ɗin kuma a rataye ta a inuwa ta sha iska kwana ɗaya kafin ta koma leda.